Makarantar Gwamnati, Ɗawainiyar Unguwa: Yadda Firamare Ke Tafiya a Gadarif

Tun kafin a buga ƙarfen shiga aji, akwai wani aiki da ake yi a firamaren unguwarmu a Gadarif, a gabashin Sudan, wanda ba ya cikin jadawalin kowa. Mai amalanken jaki, wanda a nan muke kira karo, yakan tsaya a bakin ƙofa da gangar ruwansa, mai gadi ya riƙa ɗiba da jarka yana cika randuna huɗu da ke jere a gindin darbejiya. Su ne ruwan shan yara har a tashi. Gadarif gari ne mai ƙarancin ruwa tun fil'azal. Wanda ake turowa ta bututu daga Shuwak, can bakin kogin Atbara, ba ya isa kowace unguwa, don haka yawancinmu saye muke yi. To wa ke biyan mai karo kuɗin ruwan da yaran makarantar gwamnati za su sha? Ba ma'aikatar ilimi ba ce, ba kuma ƙaramar hukuma ba. Daga aljihun iyaye yake fitowa, kamar yadda kuɗin alli, na mai gadi, na tsintsiya da na yaɓen ajin da damina ta zaizaye suke fitowa.

Wani ɗan'uwa da ya zo mana daga Kano ya taɓa tsayawa kallon yara a layin safe, wanda ake kira tabur, suna rera taken ƙasa da Larabci, sai ya ce da ni: "Yaya, ai ku gwamnati na kula da ku." Na kama hannunsa muka zaga. Na nuna masa malamai na ce waɗannan na gwamnati ne, manhaja ma tata ce, haka jarrabawa. Sai na nuna masa rumfar da 'yan aji biyu ke zaune a ƙarƙashinta, da bencina, da katanga, da ban-ɗaki, na ce waɗannan kuma kowanne akwai gidan da zan iya kai ka a nuna maka wanda ya kawo shi.

Wannan rabo ba haka kawai ya faɗo ba, yana da asali. A farkon shekarun 1990 aka yi wa ilimin Sudan sauye-sauye biyu kusan a tare. Na farko, aka rushe tsarin shekara 6 a firamare, 3 a tsakiya, 3 a sakandare, wanda ake bi tun 1970 a zamanin Numeiri, aka haɗe firamare da tsakiya suka zama mataki guda na shekara 8 da ake kira asas. Ma'ana, ginin da aka yi domin aji shida ya wayi gari yana bukatar ɗakuna takwas, kuma yaro ɗan shekara 6 ya koma yana wasa a fili ɗaya da saurayi mai shekara 14. Na biyu, a 1994 aka karkasa ƙasar zuwa jihohi 26, aka sauke nauyin makarantun asas a wuyan jihohi da ƙananan hukumomi, wato mahalliyat. An miƙa musu nauyi, amma ba a haɗa musu da kuɗin da ya kai nauyin ba. Mahalliyar da ke fama da biyan albashi, ina ta ga na sayen benci? Bayan faɗuwar gwamnatin Bashir a 2019 an koma tsarin 6, 3, 3, sai dai batun wanda zai biya bai sauya ba.

Sannan ga kundin tsarin mulkin wucin gadi na 2005, wanda ya ce ilimin firamare tilas ne kuma kyauta ne. Magana ce mai kyau, babu mai ja da ita. Amma ka dubi inda ta ajiye shugaban makaranta, wanda muke kira mudir. Daga sama ana ce masa kada ya karɓi kuɗi, kada ya kori yaro saboda kuɗi. A ƙasa kuma alli ya ƙare, mai gadi na jiran haƙƙinsa. Gaba kura, baya siyaki. Mafitar da aka samo ita ce sauya wa abin suna: ba kuɗin makaranta ba ne, gudummawa ce, musahama. Kuma ba mudir ke yanke ta ba, majalisar iyaye ce, wadda a takarda ake kira majlis tarbawi.

Duk wanda yake son fahimtar firamaren Sudan, wannan majalisar zai duba. Mutane ne kaɗan da iyaye ke zaɓa a taron farkon shekara, tare da mudir da wasu malamai. Su ke yanke abin da kowane gida zai bayar, su ke yafe wa marayu da marasa hali, su ke riƙe littafin shiga da fita. Idan makaranta ba ta da malamin lissafi, su ke nemo wani matashi da ya gama jami'a bai samu aiki ba, su riƙa ba shi ɗan na sabulu. Idan an turo malama daga nesa, su ke nema mata masauki, domin idan ba ta samu wurin zama ba, wata uku ba za ta yi ba za ta nemi canji. Su ke bin ofishin ilimi na mahalliya a kan littattafai, kuma a wannan ofis wanda ya fi naci shi ke fara samu. Saboda haka sai ka ga makarantu biyu a gari ɗaya, manhaja ɗaya, matakin albashi ɗaya, amma ɗaya yara na kan benci kowa da littafinsa, ɗaya kuma suna zaune a kan buhu, biyar na leƙen littafi guda. Bambancin yana wurin waɗanda suka zauna a majalisar, da ƙarfin aljihun unguwar da ke bayansu. Ni a ganina wannan rashin adalci ne, domin tsari ne da ke ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi. Amma shi ne abin da ke ƙasa, kuma yaron da ke aji ɗaya bana ba zai tsaya da girma ya jira a gyara shi ba.

A nan ne maganar ta zo kanmu, mu Hausawa. Gwano ba ya jin warin jikinsa, amma sai an faɗa: mun daɗe muna zama a bakin ƙofar wannan majalisa ba mu shiga ba. Dalilin kuma ba lalaci ba ne. Kakanninmu ba neman boko ya kawo su ƙasar nan ba. Wasu hanyar Makka ce ta biyo da su, guzuri ya ƙare, suka tsaya noma don su tara na gaba, har zama ya kama su. Wasu hijira suka yi daga mulkin Nasara bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Mutumin da ya baro gida da gona don kada Bature ya mulke shi, da ya iso ya tarar Baturen ne dai ke da makarantar gwamnati a nan ma, ba abin mamaki ba ne ya riƙe ɗansa a gaban allo. Daga baya kuma dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce sai wanda kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 1897. Ka lissafa da kanka: mutanen Burmi sun iso bayan wannan shekara. Dubban iyalai da suka noma audugar Jazira tun buɗe madatsar Sinnar a 1925, suka yi aikin dawa da riɗi a gonakin Gadarif, sun rayu suna kaffa-kaffa da duk wani ofis da ake tambayar takarda. An sassauta dokar daga baya, amma tsoron da aka gada ba ya fita rana ɗaya. Har gobe akwai dattijon da idan aka ce ya zo makaranta ya sa hannu, sai ya ce a tura yaro.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ba mu rasa iya ɗaukar nauyin karatu ba. Makarantar allo, wadda Larabawan nan ke kira khalwa, babu gwamnatin da ta taɓa ba ta ko sisi a unguwarmu, amma ba ta taɓa rufewa ba. Idan aka yi girbi, buhun malam daban yake. Kowane gida ya san kwanon almajirin da ke zuwa masa. Idan zauren malam ya faɗi, gayya ake kira, wadda su ma maƙwabtanmu suna da irinta, suna ce mata nafir, kafin la'asar an ɗora jinka. Ashe dabarar tana nan, kuɗin ma ko yaya yana nan. Abin da ya rage shi ne zuciya ta yarda cewa wancan ginin mai tuta shi ma namu ne.

Na ga ranar da wannan magana ta fito fili a wani zaman majalisa. Mudir, wanda ba Bahaushe ba ne amma ya daɗe a cikinmu, ya karanta sunayen yaran da ba sa zuwa da abin karin kumallo. Wani dattijo da ba ya yawan magana ya gyara zama ya ce: "Ustaz, ku dakata. Yara nawa kuka ce?" Aka maimaita masa. Ya juya wajenmu ya ce da Hausa: "'Ya'yana, almajiran da muke ciyarwa a unguwar nan sun fi waɗannan yawa, kuma ba mu haife su ba. Waɗannan fa jikokinmu ne." Babu wanda ya amsa. Washegari aka ga buhun wake a ofishin mudir.

Bari in tsaya a kan karin kumallon nan, domin wanda bai san Sudan ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. A nan ba a cin abinci mai nauyi da sassafe. Shayi ne, wani lokaci da ɗan biskit, sai wajen ƙarfe 10 a ci abin da ake kira fatur. Makaranta ma a kan haka take tafiya: ana yin darussan farko, a buga ƙarfe, a fita fatur. Mata masu sayar da abinci suna zaune a bakin katanga da tukunyar ful, wato dafaffen wake irin na Masar, ana zuba shi a cikin gurasa da ɗan mai da gishiri, ga ta'amiya mai kama da ƙosai ga mai hali. Yaron da aka ba kuɗi ya ruga. Wanda ba a ba shi ba, ka lura da shi da kyau: ba ya roƙo, ba ya kuka. Zama yake yi a aji ya buɗe littafi kamar mai kwafar darasi, ko ya zaga bayan gini ya tsaya har a koma. Akwai wata malama a makarantar 'yan mata da ke maƙwabtaka da tamu, wadda ta gane wannan tun tuni. Takan sa a kawo babban kwano, kowace yarinya ta gutsuttsura gurasarta a ciki, a zuba ruwan wake da mai, a ci tare, irin abin da ake kira bosh. Idan hannu goma suka shiga kwano ɗaya, babu mai sanin wadda ta zo da gurasa da wadda ta zo hannu rabbana. Na tambaye ta ko a kwalejin malamai aka koya mata. Ta ce a'a, ita ma ta taɓa zama a aji tana kwafar darasin da babu shi.

Darasin da ke biyo bayan fatur ba ya shiga kan mai yunwa, wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne inda kuɗin fatur ke fitowa a gidajenmu. Daga ɗakin uwa yake fitowa. Ita ke soya gyaɗa, ta gasa 'ya'yan kankana da ake kira tasali, ta kirɓa daƙƙuwa, ta dama gudugudu. Kuma da yake tana cikin gida ba ta fita, 'yarta ce ƙafarta. Ga inda ƙullin yake: tallar da ke biya wa ƙane kuɗin wake da musahama, ita ce ke fitar da yayarsa daga aji. Yarinya ta fara da fashin rana ɗaya a mako, ranar kasuwa, sai ta koma tashi bayan fatur, kafin ta kai aji biyar an daina kiran sunanta. Masu zuwa daga birni su yi mana lacca a kan illar talla ba su yi ƙarya ba, amma ba su taɓa zama sun yi lissafin abin da zai shiga tukunya ranar da farantin bai fita ba. Sannan matar da guminta ke riƙe da makarantar ba ta da kujera a majalisa. Ana kiran taro bayan sallar isha'i a harabar makaranta, lokacin da babu matar auren da za ta fito. Maza su yanke adadi, su koma gida su faɗa wa wadda za ta biya.

Sai batun harshe, wanda a wurina shi ne ciwon da ya fi zurfi. A ƙa'ida da Larabci ake koyar da komai tun daga ranar farko. Yaron da ya tashi a unguwar da aka cakuɗa yakan zo da Larabcin titi a bakinsa, nasa da sauƙi. Amma wanda ya fito daga tsakiyar unguwar Hausawa zalla, ko ƙauyukanmu na bakin kogin Rahad da Dindir da Shuɗin Nilu, yakan zo ne da Hausa da kuma Larabcin allo. Zai karanta maka surori da dama da ka, amma bai san yadda zai ce wa malama fitsari yake ji ba. Larabci uku ne ke jiransa a aji: na Alƙur'ani da ya haddace bai san fassararsa ba, na baki da malama ke yi masa tsawa da shi, da na littafi da za a yi masa jarrabawa da shi.

Akwai wani ɗan abu a nan da malamai da yawa ba su sani ba. Rubutun allonmu irin na Magrib ne, wanda ke tafiya da ruwayar Warshu. A cikinsa harafin fa ɗigonsa ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A littafin makaranta kuwa, ɗigo ɗaya a sama fa ne, ƙaf ɗigo biyu gare shi. Na tsaya a bayan taga wata rana, malama ta rubuta fa a allon bango ta nuna wani yaro. Ya miƙe da ƙarfin gwiwa, don ya san ya wuce babbaƙu da farfaru, ya san mim jaye, ya san ha kuri, ya ce ƙaf. Aji ya fashe da dariya. Ta sake tambaya, ya sake faɗa, don a iya saninsa gaskiya yake faɗa. Ta ce ya zauna, ba ya ganewa. Yaron nan ya fi rabin ajin sanin harafi, amma daga ranar ya koma layin baya ya kama bakinsa. A aji mai yara sama da 70, wanda ya yi shiru an gama da shi. Ban ga laifin malamar ba, ba a taɓa nuna mata allo ba. Gyaran kuma ba ya cin ko kwabo: malamin allo da malamar aji ɗaya su zauna na rabin awa, ya nuna mata yadda yaransa suka san haruffa. Amma sai an samu wanda zai haɗa su, kuma wannan aikin majalisa ne, idan akwai masu jin harshen biyu a cikinta.

Lokacin kaka ma yana da nasa rabon. Riɗi ba ya jira, idan ya nuna ba a yanke ba sai ya fashe ya zube, don haka a wajen watan Oktoba manyan yara maza sukan ɓace daga aji su bi iyayensu gona. Damina kuma baƙar lakar Gadarif takan riƙe ƙafar babba, balle ta yaro.

Duk wannan kafin yaƙi ke nan. Tun a ƙarshen 2022 malamai suka shiga yajin aiki a kan albashin da hauhawar farashi ta cinye. A Yulin shekarar kuma rikicin ƙabilanci na jihar Shuɗin Nilu ya raba dubban 'yan'uwanmu da gidajensu, da yawa a azuzuwan Damazin suka fara kwana. Sai ga 15 ga Afrilun 2023, ranar da yaƙin ya ɓarke. Makarantu suka rufe a ƙasa baki ɗaya, har a Oktoban shekarar UNICEF ta ce yara miliyan 19 ba sa zuwa makaranta. Gadarif yaƙin bai shigo cikinta ba, amma waɗanda ya koro sun shigo: na Khartum da farko, sai na Wad Madani a Disambar 2023, sai na Sinja da kewayenta a tsakiyar 2024. Ina za a sauke su? Makaranta ce ke da ɗakuna da katanga da ban-ɗaki. Aka jingine bencina, aka raba aji da zannuwa, iyali uku ko huɗu a ɗaki guda. Ga kwalara da ta ɓulla a jihar tun Satumbar 2023, ga ban-ɗakin da aka haƙa domin yara na rabin yini ya koma na ɗaruruwan mutane dare da rana.

A wannan lokacin ne na ga abin da ban taɓa gani ba. Matan unguwa da ba su taɓa taka harabar makarantar ba suka shiga da tukwanensu. Aka kafa murhu a gindin darbejiyar nan, irin girkin sadaka na jama'a da ake kira takiya, kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa. Mutanen majalisa da littafinsu na musahama suka koma rubuta sunayen baƙi da adadin 'ya'yansu, don su ne kaɗai a unguwar suka saba riƙe lissafi. Da maganar sake buɗe makarantu ta taso, an sha wuya, kuma ba na jin akwai mai gaskiya shi kaɗai a ciki. Uban da ɗansa ya shekara a gida yana son a ba shi ajinsa. Matar da ta gudo daga Madani da jarirai tana tambaya ina za ta. Su ma baƙin suna da yaran da ke bukatar ajin. A wurinmu an daidaita ne a kan rumfuna a fili da karatu kashi biyu, safe da yamma, kafin a samar wa baƙi wani wuri. Malamai kuma, da suka yi wata da watanni ba cikakken albashi, unguwa ce ta riƙa haɗa musu kuɗin mota.

Matan da suka shiga da tukwane ba su fita gaba ɗaya ba. Wata dattijuwa da ta jagoranci girkin ta aiko wa shugaban majalisa da saƙo: "Alhaji, ku mayar da taronku bayan la'asar, mu ma muna da abin faɗa." An mayar, duk da cewa wasu maza sun yi gunaguni. A zaman farko suka kawo shawarar adashin fatur, kowace mai sana'a ta zuba kaɗan a mako, a riƙa dafa wake a cikin makaranta maimakon kowane yaro ya saya a bakin katanga. Masu sayarwa a bakin katangar ma matan unguwa ne, don haka sai da aka yi ta kai-komo kafin a amince su ne za su riƙa dafawa a biya su. Batun talla ba a warware shi ba, an dai samu wasu iyaye sun yarda faranti ya jira a tashi makaranta.

Batun harshe a aji ɗaya shi ne ke gabanmu yanzu. Akwai 'yan mata biyu a unguwar da suka gama sakandare, suna jin Hausa da Larabci, ɗaya ma ta yi sauka a allo. Sun yarda su riƙa zama da malama a watannin farko na shekara suna yi wa ƙanana bayani. Mudir ya amince, malamin allo ma ya ce zai zo da allo ya nuna harafinsa. Abin da za a riƙa ba su ne babu a akwatin majalisa, don na bana ya tafi a gyaran ban-ɗaki da bencinan da suka karye. An ɗage maganar zuwa bayan an kai riɗi kasuwa, lokacin da kuɗi ke hannun mutane, an kuma ba ni da wasu mutum biyu aikin zaga gidaje da littafin.